Yaushe zan tabbatar al'adata ta ɗauke gaba ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 52, 'ya'yana bakwai. Tun ina da shekara 47 al'adata ta rikice, wani watan ta zo sau biyu, wani lokacin kuma ta yi wata uku ban gan ta ba. Ta taɓa yin wata bakwai, har na ɗauka mun rabu, sai ga ta. Yanzu rabona da ita tun mako guda bayan babbar sallar bara, wata goma sha huɗu ke nan. Amma zafin da ke taso mini da gumin dare suna nan. Sai kuma makon jiya na ga ɗan jini, ba shi da yawa, kwana biyu ya ɗauke, na ajiye salla a kwanakin. Yayata ta ce bankwana al'adar ta zo yi. Wata maƙwabciyata kuma ta ce jini ne ya taru a cikina, in nemi jiƙo in wanke. Ta yaya zan gane abin nan ya ƙare? Kuma har yanzu zan iya ɗaukar ciki? Daga wata baiwar Allah a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi guda ɗaya ne, kuma ke da kanki za ki iya auna shi: wata 12 cur a jere ba a ga jini ba, ko ɗigo, alhali babu ciki, babu shayarwa, babu allura ko ƙwayar da ke tsayar da al'ada. Ba a gane al'adar ƙarshe ranar da ta zo, sai shekara ta zagayo ake waiwayawa a ce ashe waccan ce. Wata bakwai ɗin da kika yi a baya bai cika ba, shi ya sa da jinin ya dawo lissafi ya koma farko. Wannan karon kuwa kin yi goma sha huɗu, kin haye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 da 55, taki kuma ta ɗauke kina wajen 51, wato a kan lokacinta.

To amma wannan lissafin shi ne ya sa jinin makon jiya ya zama abin dubawa. Macen da ta cika wata goma sha biyu, duk jinin da ta gani bayan nan ba a karɓarsa a matsayin al'ada sai likita ya bincika. Ja ne, ruwan ƙasa ne, ko ruwa-ruwa ne mai ɗan jaja-jaja a jikin wando, duk hukuncinsu ɗaya. Ƙarancinsa ba ya nuna sauƙinsa, ɗaukewarsa bayan kwana biyu ma haka. Ki je asibitin da ke da likitan mata cikin mako biyun nan, kada ki ce sai ya sake zuwa.

Ba don in tayar miki da hankali na faɗi haka ba. Mafi yawan matan da ke ganin irin wannan jini, abin da ake samu ƙarami ne. Da isturojin, sinadarin mata da ma'ajiyar ƙwai ke samarwa, ya ragu a jiki, fatar cikin farji da shimfiɗar cikin mahaifa sukan yi siriri su bushe, sai ƙaramin abu kamar saduwa ko tsarki da ƙarfi ya sa su tsattsafo da jini. Wani lokaci kuma ɗan tsiron nama ne a bakin mahaifa ko a cikinta, a cire shi a huta. Akwai kuma kaurin shimfiɗar mahaifa, wanda ya fi samun mata masu jiki da masu ciwon suga, domin kitse ma yana samar da isturojin ko bayan ƙwai ya ƙare, sai shimfiɗar ta yi ta tofo ba tare da wata mai zubar da ita ba. Amma a cikin kowace mace goma da ta zo da wannan ƙorafi, ana iya samun kusan ɗaya mai sankarar mahaifa. Kuma kusan tara cikin goma na masu wannan sankara, da irin wannan ɗan jinin cutar ta fara nuna kanta. Idan aka kama ta a wannan matakin, aikin cire mahaifa kaɗai yana warkar da yawancinsu. Sai sankarar bakin mahaifa, wadda a Najeriya ita ce ta biyu a yawa tsakanin mata bayan ta mama, ita ma takan fara da jini bayan saduwa ko ruwa mai wari.

Ga abin da za ki tarar a asibiti, don kada ya zo miki a baƙo. Bayan tambayoyi, za a duba ki a kwance da wani ɗan abu na ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa, wanda ke buɗe hanya a ga bakin mahaifa da ido, a kuma shafo ɗan abin da za a kai ɗakin gwaji. Sai a ɗauki hoton mahaifa. Hoton da ake yi ta farji ya fi na kan ciki nuna abin da ake nema, wato kaurin shimfiɗar. Idan bai wuce milimita 4 ba, da wuya ƙwarai a ce sankara ce. Idan ya wuce, ko hoton bai fito sosai ba, za a zura wani siririn bututun roba a tsotso ɗan yanki daga shimfiɗar a auna. Mintuna kaɗan ake yi, ba a sa barci, za ki ji murɗawa irin ta ciwon mara, kuma a ranar za ki koma gida. Ki karɓi sakamakon da hannunki, domin mata da yawa a nan suke sakin zancen: an ɗauki samfuri, jini ya tsaya, ba su ƙara komawa ba. Idan kuma an ce komai lafiya amma jinin ya sake zuwa, ko da yaushe ne, a koma, hoton baya ba ya wanke na gaba.

Kafin ki je, ki rubuta ranar al'adarki ta ƙarshe, da ranakun da kika ga wannan jinin, da ko ya biyo bayan saduwa ne. Ki tabbatar ta inda ya fito, domin basir da jinin fitsari sukan rikitar da mutum. Idan ya sake zuwa ki sa farar auduga ki gani. Ki zuba duk magungunan da kike sha a leda ki tafi da su, musamman asfirin da sauran masu tsinka jini, har da na gargajiya da duk wani abin matsi ko na tsuguno. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kin fi sakewa da likita mace, ki faɗa tun a wajen yankar kati, amma rashin samunta a ranar kada ya mayar da ke gida.

Abin da bai kamata ki yi ba shi ne ki aika kemis a sayo miki ƙwayar tsayar da jini, irin wadda wasu mata ke sha lokacin aikin Hajji. Za ta iya tsayar da jinin, ta bar abin da ke kawo shi yana ci gaba da aikinsa a ɓoye.

Maganar maƙwabciyarki kuwa, ta daɗe tana yawo a gidajenmu, kuma ba haka abin yake ba. Jinin al'ada ba wani datti ba ne da jiki ke tarawa ya zubar. Shimfiɗa ce mahaifa ke yi duk wata saboda jiran ciki, da umarnin sinadaran da ke fitowa daga ma'ajiyar ƙwai. In ciki bai shiga ba sai ta zube. Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai miliyan ɗaya zuwa biyu, suna raguwa tun daga ranar, kuma idan suka kusa ƙarewa umarnin yakan tsaya. Ba a yi shimfiɗa ba, balle a sami abin zubarwa. Tumbin da mata ke yi a wannan shekarun kitse ne da ya bar ƙugu da cinya ya koma ciki. Jiƙon wankin ciki ba abin da zai fitar sai gudawa, ga wahalar da wasunsu ke bai wa ƙoda da hanta. Inda za a damu shi ne idan ciki yana kumbura yana tauri, mace ta ci loma kaɗan ta ƙoshi, tana ramewa. Wasu sukan zauna da irin wannan shekara da shekaru da sunan kwantaccen ciki, alhali ƙari ne a ma'ajiyar ƙwai ko ruwa ne ya taru. Ƙarin mahaifa irin wanda mata da yawa ke da shi ma yakan motse bayan al'ada ta ɗauke, don haka wanda ke girma a wannan lokacin sai an duba shi.

Batun salla na malamai ne, kuma littattafan fikihun Malikiyya sun yi magana a kan jinin da mace ta gani bayan shekara hamsin, da yadda ake bambanta haila da jinin ciwo. Idan za ki tambaya, ki faɗi shekarunki da tsawon lokacin da kika yi ba ki ga jini ba, in kin sami bayanin likita kuma ki haɗa da shi. Amma ko wace fatawa aka ba ki, zuwa asibitin yana nan.

Yanzu zafin da ke taso miki. Mata da yawa suna jiran ya daina ne kafin su yarda abin ya ƙare, kuma ba shi ne ma'auni ba. Wani babban bincike da aka daɗe ana yi a kan mata a Amurka, mai suna SWAN, ya fitar da sakamako a 2015 cewa matan da ke yawan fama da wannan zafi sukan kai kimanin shekara bakwai da shi, baƙaƙen fata daga cikinsu kuma kimanin shekara goma, sannan yakan ci gaba wajen shekara huɗu da rabi bayan al'adar ƙarshe. Ke da ke wata na goma sha huɗu, ba abin mamaki ba ne yana nan. Ba ya yankewa rana ɗaya. Tazarar da ke tsakanin tasowarsa ce ke ƙaruwa, ƙarfinsa ya ragu, ki fara kwana ba ki farka kin sauya riga ba. Wasu abubuwan sukan riga shi lafawa, kamar ciwon mama, da ciwon kan da ke bin al'ada, da saurin fushi ko kuka ba dalili, domin abin da ya fi kawo su shi ne hawa da saukar sinadaran a shekarun rikicewa, yanzu kuwa sun sauka sun zauna wuri ɗaya.

Ki san siffarsa don kada ki yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot a banza, kamar yadda mata da yawa ke yi duk wata. Yakan taso daga ƙirji ya hau wuya da fuska, zufa ta karyo, wani lokaci da bugun zuciya, ya yi minti ɗaya zuwa biyar ya wuce, ya bar ki da ɗan sanyi. Idan kika sa ma'aunin zafin jiki za ki ga bai kai 38 ba. Wanda ya kai 38, ko ya wuni, zazzaɓi ne, a yi gwaji. Gumin dare da ya haɗu da tarin da ya wuce mako biyu da rama, a auna majina saboda tarin fuka, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Idan akwai rawar hannu da rama alhali kina cin abinci sosai, a duba maƙoƙo. Mai ciwon suga da ke farkawa jiƙe da zufa tana kyarma, ta auna suga a lokacin, mai yiwuwa magani ne ya saukar da shi da yawa.

Abin da ke rage shi a gida sananne ne: tufafin auduga a madadin hijabin roba da leshi mai kauri, ruwan sanyi a gefen gado, rage yaji da shayi mai zafi da kofi da goro musamman da yamma, da rage ƙiba ga mai ita. Idan yana hana ki barci ko aiki, akwai maganin da ke mayar wa jiki isturojin, kuma babu wanda ya kai shi aiki a kan wannan zafi. Ya fi dacewa da macen da ba ta kai 60 ba ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba. Mai mahaifa dole a haɗa mata da sinadari na biyu, furojestaron, domin isturojin shi kaɗai yana kaurara shimfiɗar mahaifa har ya kai ga sankara. Ba a bai wa wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai ciwon hanta. Su akwai wasu magungunan da likita zai zaɓa musu. Ke dai ba za a fara miki shi ba sai an gano dalilin jinin nan.

Wataƙila wani ya ce ki je a auna jininki a ga ko al'adar ta ƙare. Gwajin FSH ake nufi, sinadarin da ke hawa idan ƙwai ya ƙare. Ga macen da ta wuce 45 ba a bukatarsa, domin a shekarun rikicewa yau yana sama, wata mai zuwa ya sauko, sai ya ruɗar da ke. Kuɗin ki ajiye su don hoton mahaifa. Inda yake da amfani shi ne ga wadda al'adarta ta tsaya ba ta kai 40 ba, wadda akan auna sau biyu da tazarar mako huɗu zuwa shida, kuma irin wannan tana bukatar magani don kare ƙashinta da zuciyarta, bai kamata a ce mata ta yi haƙuri kawai ba. Gwajin yana iya amfani kuma ga waɗanda lissafin wata goma sha biyu ba ya yi musu aiki: masu allurar tsarin iyali ta wata uku, da masu ashanar fata, tunda su waɗannan da kansu suna ɗauke jini, da waɗanda aka cire wa mahaifa aka bar ma'ajiyar ƙwai.

Game da ciki, ƙa'idar ita ce macen da al'adarta ta ɗauke tana sama da 50 ta ci gaba da kariya shekara ɗaya bayan jinin ƙarshe, wadda ba ta kai 50 ba kuma shekara biyu, domin ƙwai ɗaya na iya fitowa ba zato. A shekara 55 kowa na iya dainawa. Ke kin cika shekararki, samun ciki gare ki abu ne mai wuyar gaske. Kada dai ki ji haushi idan likita ya ce a yi gwajin fitsari, ƙa'idar aikinsa ce.

Akwai abu guda da ba ya lafawa da kansa kamar zafin, ƙaruwa ma yake yi da shekaru, kuma shi ne mata suka fi jin nauyin faɗa: bushewar gaba. Ƙaiƙayi, raɗaɗi, jin zafi lokacin saduwa, yawan fitsari da zafinsa. Sai a ce sanyi ne, a yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, a koma tsarki da ruwan bagaruwa ko alif ko kanwa, a yi matsi, a yi turaren tsuguno. Bagaruwa da alif aikinsu tsotse danshi ne su ɗaure fata, fatar da dama ta yi siriri ta bushe, shi ya sa sukan ƙara raɗaɗin har su tsaga wurin ya yi jini. Tsarki da ruwa zalla ya isa, daga waje, ba sabulu mai ƙamshi ba, ba ruwan wanke ciwo ba. Lokacin saduwa a yi amfani da man santsi na ruwa da ake sayarwa a kemis, a kuma gaya wa maigida gaskiya cewa sauyin jiki ne, ba ƙinsa ake yi ba, ya rage gaggawa. Maganin da ke gyara fatar kanta shi ne man isturojin na shafawa a ciki: yawanci kullum da dare na mako biyu zuwa uku, daga nan sau biyu a mako. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Yakan ɗauki makonni, har zuwa wata uku, kafin a ji cikakken amfaninsa, kuma in an daina bushewar takan dawo. Shi ma likita ne zai rubuta miki bayan bincike.

Sai ƙashi, wanda ba ya ciwo yana lalacewa. A shekara biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada mace na iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta, ba za ta sani ba sai ranar da ta zame a banɗaki wuyan hannu ko ƙugu ya karye. Macen da ta wuce 50 tana bukatar kimanin miligiram 1,200 na kalsiyam a rana. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana ba da wajen 300. Sauran a nema a miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu. Kalsiyam ba ya shiga jiki sosai sai da bitamin D, wanda fata ke yi idan rana ta taɓa ta, don haka wadda ba ta cika fita ba ta riƙa zama a tsakar gida da hantsi na kwata ɗin awa ko fiye, hannu da ƙafa a buɗe. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, tana riƙe ƙashi da tsoka, kuma zirga-zirgar kicin ba ta maye gurbinta. Idan kika lura tsawonki ya ragu, ko bayanki ya fara ranƙwafawa, ko kika karye a faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, ki nemi a auna ƙarfin ƙashinki.

Hawan jini da suga ma sukan samu ƙofa a wannan shekarun. Ki riƙa auna jini ko ba kya jin komai; idan ya kai 140 bisa 90 a awo biyu ko uku na ranaku daban-daban, ya zama na magani, kuma ba a daina shi don an ji sauƙi. Gishirin da mutum zai ci a yini kada ya wuce giram 5, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma magin da aka jefa a miya yana cikin lissafin. Suga a auna shi da safe kafin a karya, aƙalla sau ɗaya a shekara. 126 ko sama da haka, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, sai an maimaita an ga likita. Mama kuma, tunda babu al'adar da za ki riƙa bi, ki zaɓi rana ɗaya a wata, misali ranar da aka ga sabon wata, ki duba su a tsaye gaban madubi da kuma a kwance, har cikin hammata. Ƙullutu ko da ba ya ciwo, kan mama da ya shige ciki, fata da ta yamutse, ko ruwa mai jini daga kan mama, kowannensu a kai wa likita a makon da aka gan shi.